Tarkon Keji: Kama Ɓarawon Kaji Ba Tare Da Zubar Da Jini Ba

Wanda duk ya taɓa kiwon kaji a ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, daga Tudun Wada har Doguwa, ya san baƙin cikin wayewar gari a tarar da gashi warwatse a bakin akurki. Haka abin yake a gonakin rani na Bebeji da Kiru, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ciyayi da duhuwa ba sa ƙarewa. Mai gida yakan ce muzurun daji ne. Wani lokaci shi ɗin ne, wani lokaci tunku ne ko jibda.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗana tarkon ƙarfe mai haƙora, ko a barbaɗa guba a nama. Duka biyun ba sa zaɓe. Tarkon ƙarfe yana karya ƙafar karen maƙwabci ko ta yaron da ya fito kiwo, guba kuwa takan bi ta kan ungulu da duk abin da ya taɓa mushen. Tarkon keji ya fi su domin yana kama dabba da ranta, idan aka ga ba mai laifin ba ce sai a buɗe mata. A Amurka irinsa ake ɗana wa wata kyanwar daji mai guntuwar jela. Mu ma ba baƙonmu ba ne, don a da can a Kano an riƙa tsare jibda a keji ana kwasar turarenta.

Mai walda a Kwanar Dangora zai iya haɗa shi. Tsawo kamar mita 1, faɗi da tsayi kamar santimita 35 sun isa ga muzurun daji. Jibda ta fi jiki, sai a ƙara. Kada a yi rowar tsawo, domin idan kejin ya gajarce, ƙofa takan faɗo a kan gadon bayan dabbar, ta ja da baya ta tsere, kuma wadda ta taɓa tsira ba ta sake shiga. A yi firam da rodi, a lulluɓe da raga mai kauri mai ƙananan idanu. Ragar kaji ta yau da kullum ba ta riƙe komai, ga shi tana yanka baki da farata.

Ƙofar ce ran tarkon. Faifan ƙarfe ne mai zamewa daga sama tsakanin layuka biyu, an rataye shi da ƙusa. Waya ta taso daga ƙusar zuwa wani ɗan faranti a ƙasa, can kusa da ƙarshen kejin. Dabba na taka farantin, ƙusa ta zare, ƙofa ta faɗo. A gwada shi sau da yawa da sanda kafin a kai daji, kuma a share yashi daga layukan, saboda ƙwayar tsakuwa ɗaya tana iya tsayar da ƙofa a rabi.

Saura kuma haƙuri ne. Kyanwa ba ta son taka waya, don haka a zuba ƙasa da busassun ganye a ƙasan kejin, a rufe samansa da kara ko ciyawa, a bar baki a fili. A girke shi daram a kan hanyar da aka ga sawu. Kan kifi ko hanjin kaza ya isa abin yaudara, a ɗaure shi bayan farantin. Muzuru da ido yake farauta, shi ya sa gashin kaza da aka rataye yana lilo yake janyo shi. Jibda kuwa har nunannen mangwaro takan bi. Masu dabara sukan ɗaure ƙofar a buɗe kwana biyu ko uku, dabbar ta ci a banza ta saki jiki, sannan a ɗana.

A duba tarko da asuba, kullum. Dabbar da aka bari a kejin ƙarfe har rana ta take, musamman a bazara, mutuwa za ta yi. In an kama, a jefa buhu a kan kejin ta natsu, kada a sa hannu, kada a bar yara su yi mata dandazo suna tsokana. Cizon naman daji yana iya ɗauke da ciwon haukan kare. Sannan a tuna akwai doka: tun 1963 Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji, kuma Falgore gandu ne da aka hana farauta a cikinsa. Malaman daji na ƙaramar hukuma ya kamata a nema su faɗi inda za a sake ta.

Ni dai a ganina, kafin a biya kuɗin walda gara a zagaya akurkin tukuna. Yawanci akwai rami a gindinsa ko ƙofar da ba ta rufuwa, kuma muzurun da aka ɗauke yau shi ne yake rage ɓerayen rumbu, wani kuma zai maye gurbinsa kafin wata ya zagayo.