Bayan Mun Amsa Tambayoyin Baya, Sai Me?



A wannan makon mu 'yan aji uku muka karɓi allon kulob, kuma za mu yi magana ne a kan abin da ya fi damunmu, wato jarrabawa. A ƙarshen shekarar nan za mu zauna jarrabawar BECE, wadda ita ce ƙofar shiga babbar sakandare. Hukumar NECO da ke Minna tana shirya tata, jihohi ma suna shirya tasu. Wasunmu kuma suna so su rubuta ta hukumar NABTEB don shiga kwalejojin fasaha na tarayya, kamar wadda ke Kafanchan.

Mu a Birnin Gwari kowa ya san abin da ya faru da karatunmu. A shekarun da daji ya rikice, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, da yawa daga cikinmu sun yi watanni ba su shiga aji ba. Wasu daga ƙauye iyayensu suka taso da su zuwa cikin gari. Sai a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar kara, hankali ya fara kwanciya. Amma takardar jarrabawa ba ta san wannan labarin ba. Tambayar da za a yi wa ɗan cikin Kaduna ita za a yi mana. Shi ya sa muka dage da amsa tambayoyin shekarun baya.

To amma mun gano wani kuskure da muka daɗe muna yi. Da mun gama amsawa sai mu juya bayan littafin, mu duba amsoshi, mu ƙirga maki, mu yi murna ko mu ɓata rai, sai mu wuce wata shekarar. Haka muka yi ta yi, maki bai motsa ba. Malamin lissafinmu ne ya ce mana wanda ya ƙirga buhunan masararsa kawai, bai koma gona ya ga gefen da ta ƙi yi ba, baɗi ma abin da zai samu ke nan. Tun daga ranar muka canza tsari. Ga yadda muke yi yanzu.

1. Mu amsa kamar ranar gaske

Muna rufe duk wani littafi, mu sa wani ya riƙe mana agogo, babu leƙen amsa. Ba ma rubutu a cikin littafin tambayoyin, domin mu huɗu ne muke amfani da guda ɗaya. A wata takarda daban muke amsawa. Duk tambayar da muka yi canki-canka a kanta, sai mu ɗiga mata alama a gefe. Ko da amsar ta fito daidai, muna lissafa ta cikin waɗanda muka faɗi, don sa'a ce ta ci mana, kuma sa'a ba kullum take zuwa ba.

2. Mu raba kurakurai gida uku

Wannan shi ne babban aikin. A ce tambaya 60 ce, ɗalibi ya ci 38, ya faɗi 22. Waɗannan 22 ɗin ba ciwo ɗaya ba ne, don haka maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Gida na farko shi ne abin da ba mu sani ba sam. Misali an ce a nemo ribar Naira 5,000 a kan kashi 4 cikin 100 na tsawon shekara 3. Amsar ita ce Naira 600. Wanda ba ya aji lokacin da aka koyar da wannan darasin, ko sau goma ya kalli 600 ba zai san daga ina ta fito ba. Maganinsa shi ne ya koma littafin darasi, ko ya je wurin malami.

Gida na biyu shi ne abin da muka sani amma gaggawa ta kayar da mu. Ɗaya daga cikinmu ta gamu da tambayar fili mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5, an ce a nemo girman cikinsa. Amsa 40 ce, ita kuwa ta zaɓi 26, domin kewayen filin ta lissafa. Kuma 26 ɗin tana nan cikin zaɓin, an ajiye ta kamar tarko. A Turanci ma akwai irin wannan: a ce a kawo kishiyar kalma, mu kuwa mu kawo mai kama da ita. Maganin nan shi ne karanta tambaya sau biyu, da ja layi a ƙarƙashin abin da ake nema.

Gida na uku shi ne waɗanda lokaci ya ƙare ba mu kai gare su ba. Yawanci idan muka bincika, sai mu ga tambaya ɗaya mai wuya ce ta cinye mana minti biyar. Yanzu tsallake ta muke yi, mu dawo mata a ƙarshe.

3. Mu buɗe littafin kuskure

Kowannenmu ya ware ƙaramin littafi. A kowane shafi muna rubuta tambayar, da amsar da muka bayar, da amsar gaskiya, sannan dalilin faɗuwarmu da bakinmu. Ba ma yarda da "mantawa na yi" kawai, sai an faɗi abin da aka manta. Bayan mako biyu littafin da kansa yake nuna mana rauninmu. Wani ya ga rabin shafukansa duk a kan ɓangarorin lamba ne, sai ya san inda zai sa ƙarfi.

4. Kada mu yarda da bayan littafi ido rufe

Littattafan da ake sayarwa a kasuwa wani lokaci amsarsu tana zuwa da kuskure. Mun taɓa yin gardama mai zafi a kan wata tambaya, da muka kai wa malama sai ta nuna mana littafin ne ya yi kuskure. Matambayi ba ya ɓata.

5. Mu koma bayan kwana uku

Malamar kimiyya ta ba mu labarin wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, wanda tun 1885 ya nuna cewa mutum yana saurin manta sabon abin da ya koya idan bai maimaita ba. Mu ma mun san haka daga makarantar allo, inda ba a barin tishi. Don haka bayan kwana uku muna rufe amsa, mu sake gwada tambayoyin da muka faɗi. Bayan mako guda mu ƙara. Wadda muka ci sau biyu a jere sai mu soke ta. Kuma wanda ya gane abu, shi zai yi wa sauran bayani, don a wajen bayani ne ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace kawai.

Wannan tsarin yana cin lokaci. Takardar da muka amsa cikin awa ɗaya, gyaranta yakan kai awa biyu. Ga aikin gida, ga zuwa gona, ga rashin wuta da dare. Shi ya sa muke zama bayan la'asar tun da sauran haske, kuma takarda ɗaya ko biyu kawai muke yi a mako. Gara biyu da aka gyara da goma da aka ƙirga.

Ƙannenmu 'yan aji ɗaya da aji biyu, ku fara tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Malamanmu kuma muna roƙon alfarma, idan kun dawo mana da takardun gwaji, ku ba mu ko da darasi ɗaya ne mu yi gyara tare. Wanda yake so ya ga yadda littafin kuskure yake, ya same mu a ajinmu lokacin tara, za mu nuna masa namu.

Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, ya ƙara wa garinmu zaman lafiya, amin.

Daga 'yan aji uku na Kulob ɗin 'Yan Jarida