Cutar Cin Abinci da Tangarɗar Ɗabi'a: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Akwai masu fama da cuta biyu a haɗe. Ta farko ta cin abinci ce: ko ƙaurace masa, wato anoreksiya, ko ci fiye da kima sannan a amayar da gangan, wato bulimiya. Ta biyu tangarɗar ɗabi'a ce, wadda ke dagula wa mutum zuciya da zamansa da jama'a. Ga abin da ake faɗa a kansu.

"Cututtukan biyu kan zo tare." Gaskiya ne. Bulimiya ta fi yawa ga masu tangarɗar da ake kira bodalayin, masu saurin hawa da sauka da jin tsoron a guje su. Anoreksiya kuwa ta fi raɓar masu tsananin ƙa'ida da ba sa yafe wa kansu kuskure.

"Hali zanen dutse, ba ya warkewa." Ƙarya ce. Mary Zanarini ta asibitin McLean a Amurka ta bibiyi masu bodalayin 290, ta gano cewa cikin shekara goma mafi yawansu alamomin cutar sun lafa.

"Sai an gyara ɗabi'a kafin a taɓa batun abinci." Ƙarya ce mai haɗari. A gwajin Minesota na 1944 zuwa 1945, lafiyayyun maza 36 da aka rage wa abinci sun zama masu ƙunci, saurin fushi da gudun mutane. Yunwa kanta tana canza hali. Saboda haka idan rama ta yi tsanani, jiki ake fara ceto, a hankali kuma a hannun likita, domin ɗura abinci lokaci guda na iya tsayar da zuciya.

"Ƙwaya ɗaya ta wadatar." Ba haka ba ne. Fluoxetine na rage bulimiya, amma tangarɗar ɗabi'a jinyarta ta tattaunawa ce. Tsarin DBT na Marsha Linehan yana koyar da jure ɓacin rai ba tare da cutar da kai ba, CBT-E na Christopher Fairburn a Okusfod kuma yana daidaita ci.

Iyaye da 'yan'uwa, gori da faɗa ba sa sa majinyaci ya ci. Anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa. Ku kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa da wuri, ku nemi a duba cututtukan biyu tare.