Tanimoune: Yadda sunan Sarkin Damagaram ya koma sunan iyali a fasfo

Duk wanda ya taɓa cike takardar neman biza ya san gurbin nan da ke neman "sunan iyali". Bature ba ya ko tsayawa tunani a wurin. Bahaushen Damagaram kuwa yakan ɗan dakata: sunan uba zai sa, ko na kaka? Wasu daga cikin masu dakatawar nan Tanimoune suke rubutawa, kuma ba kowa a cikinsu ya san doguwar hanyar da sunan ya biyo kafin ya iso takarda ba.

Asalinsa ba sunan sarauta ba ne. A wurin Hausawa, Tanimu sunan rana ne, na yaron da aka haifa ran Litinin, kamar yadda ake kiran mace Tani ko Altine. Tushensa kalmar Larabci ce mai nufin "biyu", wato rana ta biyu a mako. Abin da ya ɗaga shi sama da sauran sunayen rana a ƙasar Damagaram mutum ɗaya ne: Sarki Tanimun ɗan Sulaiman.

Gidan sarautar da ya fito ya samo asali ne a ƙarni na 18, daga wani malami da ya zo daga wajen Borno, kuma sarakunan farko suna kai gaisuwa Borno. Mahaifinsa Sulaiman ne ya mai da Zinder mazaunin sarki a farkon ƙarni na 19. Tanimun ya sha gwagwarmaya da ɗan'uwansa Ibrahim kafin gadon ya zauna masa, ya kuma riƙe shi har zuwa 1884. A zamaninsa aka kewaye Birni da ganuwa, aka tara bindigogi, har ana ƙera igwa a cikin gari. Ayarin fatake daga Tarabulus da Agadas suna sauka a Zango kafin su wuce Kano. Sai dai masu kirari ba su cika faɗin ɗaya ɓangaren ba: kaso mai yawa na wannan dukiya daga harin bayi da cinikinsu ya fito.

Abin lura shi ne, 'ya'yan Tanimun ɗin ma ba da sunansa tarihi ya riƙe su ba. Wanda ya yi mulki daga 1884 zuwa 1893 ana kiransa Sulaiman ɗan Aisa, da sunan mace, yadda ake bambanta 'yan uba a gida mai ɗakuna da yawa. Na bayansa Ahmadu ne, amma kowa Kuran Daga ya sani, laƙabin da ya samu a fagen fama. Shi ne ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder cikin watan Mayu na 1898, shi ne kuma Faransawa suka ci da yaƙi a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, suka kashe shi bayan 'yan makonni. Yau babbar makarantar sakandaren garin sunansa take ɗauke da shi, kuma da laƙabin aka rubuta: Amadou Kouran Daga.

Ko sarkin yanzu, Abubakar Umaru Sanda, sunansa ne haɗe da na mahaifinsa, wanda ya yi sarauta daga 1950 zuwa 1978. Gidan da ya kusa shekara 300 yana mulki bai da suna guda da ke bin zuriya. Kowane ɗa da sunan ubansa ake kiransa, jika kuma ya soma sabon lissafi.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A ƙasar Ayilan, "Mac" na nufin ɗa, "O" kuma jika. O'Brien ma'anarsa jikan Brian, wato Sarki Brian Boru da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Bambancin kawai, su sun tsaya a kan kaka ɗaya, sunan ya daskare tun kusan shekara dubu. Da mulkin Ingila ya yi ƙarfi, iyalai da dama suka yar da "O" da "Mac" don sunan ya yi kama da na Ingilishi, sai a ƙarshen ƙarni na 19 wasu suka fara maido da su.

A nan, takarda ce ta daskarar da suna. Zinder ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, don haka rajistar haraji, ta soja da ta lakwal sun soma cin sunayen mutanen garin da wuri. Magatakarda yana da gurbi biyu, sai ya sa sunan yaro a ɗaya, na uba a ɗaya, ya jefar da "ɗan" da ke tsakani, ya kuma rubuta da kunnen Bafaranshe. Tanimun ya zama Tanimoune, Usman ya zama Ousmane, Isufu ya zama Issoufou. Mahamane Ousmane, haifaffen Zinder da ya shugabanci Nijar daga 1993 zuwa 1996, da a Kano aka yi masa rajista, wataƙila Mamman Usman za a rubuta.

Tun kafin wannan ma an yi wani ɗan ƙasar Damagaram da sunansa na yanka ya koma sunan iyali. Dorugu, wanda aka kama bawa yana yaro daga wani ƙauye kusa da Kance, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. A can ya zama James Henry Dorugu. Ya rasu a Kano a 1912.

Don haka mai sunan Tanimoune a fasfo ba lallai jinin sarki ba ne. Yana iya zama jikan wani manomi da aka haifa ran Litinin, ko na wanda aka sa wa sunan don girmama sarkin. Takardar ba ta bambanta su. Mai neman sanin gaskiyar asalinsa sai ya koma ga tsofaffin gida da maroƙan fada, masu jero ɗan wane jikan wane, ko ga aikin marigayi André Salifou, wanda ya wallafa tarihin Damagaram a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune. Jami'ar Zinder yau sunansa take amsawa.

Inda abin ke cizo shi ne wurin 'yan ci-rani. Uba yana da takardar haihuwa ta Nijar da ke cewa Tanimoune, ɗansa da aka haifa a Kano an rubuta masa Tanimu. Wa ya ɗauki sunan uba, ƙane ya ɗauki na kaka, saboda wanda ya kai shi makaranta haka ya faɗa. A gida ba wanda wannan ya dama. Amma ma'aikacin ofishin jakadanci ko na banki haruffa yake gwadawa, kuma harafi ɗaya na iya tsayar da takardar ɗauko iyali ko kuɗin da aka turo daga waje. Gyara kuwa yakan kai mutum kotu, da shaidu da kuɗi da jira.

Masu haihuwa a Faransa ko Amurka su ne ke yanke hukuncin da kakanninsu ba su taɓa yankewa ba, domin sunan da suka ba ma'aikacin rajista a can, yawanci shi zai bi 'ya'ya har jikoki. Wasu na zaɓar sunan uba don ya yi daidai da fasfonsu. Wasu na tsallakewa su ɗauko na kaka, musamman in kakan Tanimun ne.