Manhajar lafiya: Abin da wayar Gwaggo ta koya mini a Darini

Bayan Sallar layya ta bara na je gida Darini da wata tsaraba da nake alfahari da ita. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta daɗe tana fama da hawan jini. Likita a Katsina ya ɗora ta kan ƙwayoyi iri biyu, ɗaya da safe ɗaya da dare, ya kuma ja mata kunne kada ta bari ko da ta ji sauƙi. Ita kuwa da zarar ciwon kai ya lafa sai ta ƙulle maganin a bakin zane ta ce ta warke. Ni da nake zaune a birni, na ga maganin wannan matsala a hannuna yake: na sauke wata manhajar tunatar da shan magani a tsohuwar babbar wayata, na saya mata layi, na kama hanya.

Rajista kaɗai ta cinye mana yammaci guda. Manhajar ta nemi adireshin imel, na ba ta nawa. Ta nemi kalmar sirri mai harafi takwas, da babban baƙi da lamba a ciki, na ƙirƙiro na rubuta a bayan kwalin magani, ka ga sirri ya ƙare tun nan. Ta ce za ta aiko da wata lamba ta saƙon tes, na fita bayan gari inda ake samun sabis, kafin saƙon ya iso wa'adinsa ya wuce. Sai ranar haihuwa. Na tambayi Gwaggo, ta ce abin da ta sani shi ne lokacin da aka kashe Sardauna tana tallar fura. Na lissafa daga 1966 na ja baya, na rubuta mata 1 ga Janairu, 1957, ranar da a takardun hukuma aka haifi rabin tsofaffin ƙauyukanmu.

Washegari da ƙarfe takwas wayar ta yi ƙara, rubutun Turanci ya fito. Gwaggo ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Mai sunan Baba, mi ta ce?" Na fassara mata. Ta ce, "To in magana gare ta, ta buɗe baki ta faɗi mana." Muka yi dariya, na dawo birni ina ganin na sauke nauyi. Bayan mako uku na sami labarin wayar ta kwana biyu a wurin mai caji, daga can kuma ta zama ta jikanta, yana kallon ƙwallo. Da farko na yi fushi da mutanen gida. Da na nutsu na gane ni ne na kai wa mai tafiya a ƙasa sirdi, kuma waɗanda suka ƙera manhajar ba su taɓa hango mace irin Gwaggo ba.

Mai ƙera manhaja yana da wani majinyaci a ransa tun kafin ya taɓa kwamfuta. Mutum ne mai wayar kansa, mai karatun boko, mai data da wutar lantarki, wanda ke auna yininsa da agogo. A mazaɓar Darini da Magaji Abu, da Wagini da Ruma, da Runka da Zakka a ɓangaren Safana, da wuya ka haɗa waɗannan sharuɗɗa a kan mutum ɗaya, balle a kan tsohuwa ko mai ciki, waɗanda su ne suka fi bukatar abin. Wayar da ta fi yawa ita ce ƙarama mai maɓallai da tocila, kuma a gidaje da dama tana aljihun maigida, tana bin shi gona da kasuwa.

Wannan batu na waya ɗaya ga gida guda ya fi duk sauran nauyi a wurina, domin ya taɓa mutunci. Kowa ya san yadda 'yar Hausa ke ɓoye cikin fari, har uwarta ba ta iya faɗa wa baki da baki. A ce saƙo ya faɗo yana cewa gobe ranar awon ciki ce, alhali wayar tana hannun ƙanen miji, ko tana kan teburin mai caji a tsakanin wayoyi arba'in. Wannan ciki ne, abin farin ciki. Ina ga tarin fuka, ko cuta mai karya garkuwar jiki? Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma doka ba ta zuwa rumfar mai caji. Tsarin manhajar ne ya kamata ya isa can. Kiran da zai fara da sallama, ya nemi a miƙa wa mai shi, kuma kada ya ambaci cuta sai ta danna lambar da ita kaɗai ta sani, ya fi shafi goma na alkawarin tsare sirri da ba wanda zai karanta.

Sai sabis. Mu mutanen yammacin Katsina ba ma bukatar a ba mu labari. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindigar da ke fitowa daga dajin Rugu da makwabtansa, kuma Batsari da Safana suna ciki. Watanni aka yi mutum sai ya hau mota ya nufi Katsina kafin ya gaida ɗan'uwansa ta waya. Duk manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ranar ta mutu. Ko yanzu da aka maido, sabis ɗin baƙo ne, ya zo yau gobe ya tafi. Saboda haka abin da majinyaci ke bukata kullum, wato tunatarwa da bayanin magani da alamomin haɗari, dole ya zauna a cikin wayar kanta, abin da za a aika wa asibiti kuma ya jira a ciki har ranar da sabis ya leƙo.

Rashin tsaron da ya jawo katsewar shi ne kuma ya ƙara wa waya daraja. A birni, zuwa asibiti a tarar malamin ba ya nan asarar kuɗin a-daidaita-sahu ce. A wajenmu tafiya ce a bayan babur kan hanyar da ake sallama da iyali kafin a hau ta. Tambayoyin uwa a Darini da dare ba su da yawa: wannan zafin jikin zai iya kai wa safe, ko a tashi yanzu? Malamin asibiti yana nan gobe? Akwai maganin, ko takarda za a rubuta a ce a je kemis? Manhajar da ta amsa waɗannan ukun ta biya bukata, ko da ba ta iya ƙidaya takun mutum ko zana masa jadawali mai launi.

Abin da ya fi burge ni cikin kayan lafiyar da suka shigo karkararmu ba shi da batir ma. Wani ɗan zare ne na roba da ake zagaya wa dantsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar don gano tamowa. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana koyonsa cikin minti kaɗan, kuma in ta ga ja ta san abu ɗaya ne a gabanta: ta goya shi sai asibiti. Wanda ya tsara zaren nan ya yi aiki mai wuya, domin ya ɗauke lissafin duka ya bar wa uwa hukunci guda. Duk mai son ƙera manhajar majinyata ya rataya irinsa a gaban teburinsa.

Akwai waɗanda suka bi wannan tafarki da waya. A yaƙi da shan inna an yi amfani da manhajar AVADAR a wasu jihohin ƙasar nan: kowane mako wayar unguwarzoma ko wanzami ko mai unguwa za ta nuna ɗan gajeren bidiyo da harshensa, ta tambaye shi ko ya ga yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki, ya danna e ko a'a, amsar ta tafi ta saƙon tes. A Indiya, shirin Kilkari da gwamnati ta faɗaɗa a 2016 yana kiran mace sau ɗaya a mako, tun cikinta na wata huɗu har jariri ya shekara, kira 72, da murya guda da ta saba da ita. A Afirka ta Kudu, MomConnect da aka fara a 2014 ya yi rajistar masu ciki ta hanyar danna lambobi masu tauraro, ya kuma buɗe musu ƙofar aiko da tambaya da ƙorafi. Mutanenmu ma sun iya wannan: wanda bai san bihim ba a boko yana danna *310# ya ga kuɗinsa.

Ga wurin da nake ganin irin wannan kira zai yi amfani tun daminar bana. Jihar Katsina tana cikin wuraren da aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina a Nijeriya, a 2013. Ana bai wa yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata, kwana uku a jere. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na kwana biyun da suka rage kuwa uwa ake bar wa, a lokacin da gida ya koma gona kaf. Kira biyu kacal da Hausa, ɗaya a rana ta biyu ɗaya a ta uku, bayan magariba sa'ad da maigida ya dawo da wayar, shi ne duk abin da ake nema.

Na ce bayan magariba, ban ce ƙarfe bakwai ba. Yinin Gwaggo salloli ne suka yanka shi: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha'i. Manhajar da na kai mata ba ta san da su ba, ba ta kuma san da azumi ba, da ta kai watan Ramadan da ta ci gaba da kiran ƙarfe takwas na safe, maimakon ta tura ta ga likita ya mayar mata da sha zuwa sahur da buɗa-baki. Haka batun harshe. Na ga manhajojin da aka ce an mayar Hausa, amma Hausar inji ce. Suna ce wa mace "ka sha maganinka", domin Turancin da aka kwafo bai raba namiji da mace ba, mu kuwa mun raba, har muna ce wa dattijo "ku". Suna cewa a ba yaro "cokali ɗaya", a gidan da ke da cokalin shayi da na cin shinkafa da ludayi. Suna sa hoton ƙararrawa da na haƙorin inji su ɗauka kowa ya gane. Ga Fulanin da ke zagaye da mu, waɗanda matansu da yawa Fulatanci ya fi zama musu. Ga dubban da suka yi karatun allo suna karanta ajami sarai, amma fam ɗin hukuma yana lissafa su cikin marasa karatu.

Na san wani zai ce ana maganar asibitin da babu magani, kai kana maganar manhaja. Yana da gaskiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a jagorar da ta fitar a 2019, ta yi gargaɗin cewa fasahar waya ba ta maye gurbin tsarin lafiya mai aiki. Tunatar da mace awon ciki ta je ta tarar da ƙofa a kulle, sau biyu ya isa ta daina ɗaukar kiran. Dole a ɗaya bakin zaren a sami mutum, kuma shi ma a tausaya masa. Na san wani malamin asibiti a yankinmu mai manhajoji huɗu a wayarsa, kowace ta wata ƙungiyar agaji, kowace da kalmar sirrinta, ga manyan rajistocin takarda suna jiran sa, ga layin mata a baranda. Wanda zai kawo masa ta biyar ya fara gaya masa wacce za ta sauke masa.

Ga ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, masu neman aikin kammala karatu, ina da gwaji ɗaya mai arha. Ku nemi izini ku je asibiti ranar awo, ku miƙa wa mata goma abin da kuka ƙera ɗaya bayan ɗaya, ku ce kowace ta gano yaushe za ta dawo. Sannan ku rufe bakinku, ku sa hannu a aljihu. Inda ta tsaya tana kallonku, nan aikinku yake. Idan hanya ba ta ba da damar shiga ƙauye ba, mutanen ƙauyukan suna nan a garin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, gudun hijira ya kawo su.

Mu dai a gida ga yadda muka ƙare. Jikanyar Gwaggo, 'yar aji biyar a firamare, ta ɗinka 'yar jaka biyu, fara da baƙa, ta maƙala su a sallayar kakarta: fara ta asuba, baƙa ta isha'i. Na karɓe babbar wayar na saya mata ƙarama mai tocila, wadda cajinta ke kwana huɗu, na ajiye lambata a maɓalli na biyu. Ranar kasuwa ana auna ta a wurin malamin asibiti, wani maƙwabci ya karanto mini lambobin ta saƙon murya a WhatsApp, ni kuma in miƙa wa likitanta. A watan jiya sabis ya ɗauke kwana biyar. Da na same ta, tun kafin mu gama gaisawa na tambaye ta magani. Ta ce, "Mai sunan Baba, ai ban bar salla ba." Sannan ta ce farin ya kusa ƙarewa, in aiko da direban Batsari kafin Juma'a.