Gaskiya da ƙarya kan canza taransista a fanel

A rumfunan masu gyaran waya da talabijin, daga Farm Center ta Kano har ƙananan shagunan unguwa, akwai maganganun da yaro ke gada daga maigidansa game da 'yan mitsi-mitsin taransistocin nan da ake liƙawa a saman fanel. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa su ke jawo wa mutane asarar kaya.

Wadda ta fi ɓarna ita ce wai duk mai ƙafa uku, in dai girmansu ɗaya, zai maye gurbin ɗan'uwansa. Ƙarya ce. Samfurin da ake kira SOT-23, mai tsawon kusan milimita 3, gida ne kawai, abin da ke ciki ya bambanta. Wanda aka rubuta wa 1AM a gadon baya galibi NPN ne, mai 2A kuwa PNP, wuta na bi ta cikinsu a saɓanin juna. Mai A7 ma ba taransista ba ne, diyod biyu ne a haɗe. Ga kuma MOSFET a cikin irin wannan gidan. Duk wanda ya ciro daga matacciyar fanel bai sa madubi ya karanta lambar ba, caca ya yi da kayan wani.

Sai batun zafi. Gaskiya ne dalmar kayan zamani ta fi taurin kai. Tun da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da gubar dalma a kayan lantarki a 2006, kamfanoni suka koma wadda sai zafi ya kai wajen digiri 217 take narkewa, alhali tsohuwar 63/37 a digiri 183 ta saki. Amma murɗe bulowa har ƙurya ba magani ba ne. A shafa fes, a ƙara 'yar tsohuwar dalma a ƙafafun, a jira sai taransistar ta motsa da kanta in an taɓa ta da hantsaki. Wanda ya fizga kafin nan, da siririn jan ƙarfen fanel zai taho, ƙaramin gyara ya zama babba.

Cewa sai da bulowa ake ciro ta ma ba haka ba ne. Ayon mai siririn baki ya wadatar ga ƙafa uku.

Abin da wasu ke yi wa dariya, wai wutar jikin mutum na kashe kaya, shi ne gaskiya. Tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙarfe a hunturu ya isa ya huda ƙofar MOSFET ba tare da wata alama ba.

In kuwa sabuwar da aka sa ta sake ƙonewa, nan take ake cewa jabu ce. Jabu na nan a kasuwa, ba musu. Sai dai sau da yawa wata kafasita ce ko diyod ta haɗe wuta a kan layin, ita ta kashe ta farkon. A ɗora mita a auna layin tun gurbin yana fili, kafin a liƙa sabuwa.