Batirin Solarka Da Ya Mutu Da Kifin Da Kake Ci: Ina Haɗinsu?

Yawancinmu a Gafasa da sola muke cajin waya. Idan batirin ya daina riƙe wuta, sai a sayar wa 'yan gwangwan, su fasa, su zubar da ruwansa a ƙasa. Farantan da ke cikin irin wannan batiri mai nauyi na dalma ne. Na wayarka kuwa litiyam ne, nasa lamarin daban.

Dalma da zaiba da kadmiyam ba sa ruɓewa. Ruwan sama ya kwashe su zuwa kogi, su kwanta a laka. Ƙananan halittu su ci, kifi ya cinye su, kai kuma ka ci kifin. Kamar wayar da ke sauke bidiyon WhatsApp da kanta ne, ba a gogewa: kullum kaɗan-kaɗan, wata rana ma'adana ta cika. Halittun bakin teku masu ɓawo, irin su kawa, sun fi tarawa, domin tace ruwa suke yi su samu abinci.

A Minamata ta Japan aka ga ƙarshen abin a 1956. Wata masana'anta ta daɗe tana zuba zaiba a teku. Kyanwoyi suka fara tangaɗi suna mutuwa, sannan masunta da iyalansu suka kamu da karkarwa da rikicewar magana da gani.

Mu ba mu da teku, amma ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa, masu aiki da kuromiyam, yana gangarawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano ya biyo ta Wudil. Dalma kuwa mun san ta: a Zamfara a 2010, yara kusan 400 suka rasu a yankin Anka da Bukkuyum, sanadin ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje.

Abin da ya fi damuna, wuta ba ta kashe ƙarfe. Ko ka soya kifin ya yi ƙayau, yana nan. Dalma kan ɓuya a ƙashi shekaru, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta ratsa zuwa ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da ba ya cutarwa.

Ban ce ka daina cin kifi ba. Amma kada a fasa batiri a tsakar gida ko bakin rafi, kada a ƙona tsohon allon waya don cire tagulla. Mayar wa dillali shi a rufe, in ka taɓa ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro.