Binciken Fasinja Tun Daga Gida: Yaushe Zai Iso Ga Alhazan Nijeriya?

DUK mutumin da ya yi niyyar sauke farali daga Ushafa, garin nan na maginan tukwane da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bwari a yankin Babban Birnin Tarayya, ya san irin ɗawainiyar da ke gabansa kafin ya hau jirgi. Zai biya kuɗin kujera ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai, ya yanki fasfo, a yi masa allurar shawara da ta sanƙarau, a nema masa biza, sa'an nan ya tare a sansanin alhazai yana jiran ranar tashi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Amma duk da haka, hatimi na ƙarshe, watau wanda zai ba shi iznin shiga Sa'udiyya, ba a nan gida ake buga shi ba. Sai ya sauka Jidda ko Madina, bayan tafiyar kimanin awa biyar, ya shiga layi a gajiye, kana ma'aikacin shige da fice ya ce ya wuce ko kuwa ya dakata.

Wannan kalma ta "dakata" ta sha jawo wa 'yan Nijeriya baƙin ciki. A cikin watan Satumba na 2012 hukumomin Sa'udiyya suka tsare mata maniyyata fiye da 1,000 daga ƙasar nan a filayen jirgin sama, bisa dalilin cewa ba su tare da muharramai. Aka komo da ɗaruruwa gida, aka dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci, har Gwamnatin Tarayya ta naɗa Kakakin Majalisar Wakilai na wancan lokaci, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, ya shugabanci tawagar sasantawa. Sa'udiyya ta janye sharaɗin muharrami daga baya, amma ba a rabu da irin wannan matsala ba. A watan Nuwamba na 2023 wani jirgin Air Peace ya tashi daga Kano da fasinja 264, da isarsa Jidda aka karɓi 87 aka mayar da 177. Ofishin jakadancin Sa'udiyya ya ce ba su cika sharuɗɗan shiga ba. Ko wa ke da gaskiya, kuɗin jirgi dai ya riga ya tafi.

To, akwai wata dabara da wasu ƙasashe suka daɗe suna aiki da ita don kauce wa haka. Maimakon fasinja ya tarar da ma'aikatan shige da fice da na kwastan a can inda za shi, su ne ke zuwa su zauna a filin jirgin da zai tashi, su bincike shi shi da kayansa tun bai hau ba. Amurka ta fara wannan a Toronto ta ƙasar Kanada a 1952. Daga baya ta kai ma'aikatanta Shannon da Dublin a ƙasar Ailan, a 2014 kuma ta buɗe a Abu Dhabi. Jirgin da aka bincike mutanensa ta haka, in ya isa Amurka, sauka yake yi kamar jirgin cikin gida, kowa ya ɗauki jakarsa ya kama gabansa. Wanda aka ƙi kuwa, a nan ƙasar da yake za a sallame shi.

Ga Bahaushe ma abin ba baƙo ba ne ƙwarai. Alhazan da suka riƙa tafiya ta ƙasa a zamanin Turawa, suna ratsa Barno da Cadi da Sudan, a Sawakin ake tsayar da su a bakin Bahar Maliya, a duba lafiyarsu da takardunsu kafin a bar su su ƙetare zuwa Jidda.

Sa'udiyya ta ɗauki wannan dabara ta sa mata suna Shirin Hanyar Makka. Ta gwada shi da alhazan Malesiya a 2017, ta ƙara da Indunusiya, a 2019 kuma Pakistan da Bangaladash suka shiga. Yadda abin yake shi ne, ma'aikatan Sa'udiyya kan zo da na'urorinsu su kafa tebur a wani zaure na musamman a filin jirgin ƙasar. A nan za su ɗauki hoton yatsun alhaji, su tabbatar da bizarsa da shaidar allurai, su gama aikin fasfo. Kayansa kuma a liƙa musu alamar masaukin da zai sauka. In jirgi ya isa, daga ƙofa sai mota. Jakunkuna su tarar da shi a masauki. Duk wanda ya taɓa ganin tsoho ɗan shekara saba'in, sanye da harami, yana neman jakarsa cikin tulin jakunkuna masu launi ɗaya, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Maroko ta shiga a 2022, Turkiyya da Kwaddibuwa a 2023. Zuwa Hajjin 2025 ƙasashe takwas ke cikin shirin, amma ba Nijeriya, alhali kuwa kujeru 95,000 aka ba ta a 2023, adadin da ya ninka na Kwaddibuwa sau da yawa. Abin mamaki ne a ce alhajin Abijan ya riga na Kano samun wannan gata.

Sai dai kada a ɗauka kyauta ake samunsa. Ƙasar da ta karɓi baƙin ma'aikata tilas ta ware musu wuri mai tsaro, wanda ba mai shiga bayan an gama bincike, ta kuma yarda jami'in wata ƙasa ya tsaya a cikin ƙasarta ya ce da ɗan ƙasarta ba zai hau jirgi ba. Shi ya sa sai gwamnati da gwamnati sun sa hannu a yarjejeniya. Akwai kuma batun kuɗi. A Abu Dhabi masu masaukin ne suka ɗauki mafi yawan kuɗin zaman ma'aikatan Amurka. Har ila yau, shirin ba ya hana a ƙi mutum. Wurin ƙin ne kawai ya sake, domin maniyyacin Ushafa da aka samu kuskure a bizarsa zai koma gida a mota, Hukumar Alhazai ta Ƙasa kuma ta sami damar gyara takardar kafin jirgi na gaba.

Babbar wahalar Nijeriya ita ce yawan wuraren tashi. Alhazanta kan tashi daga Kano da Sakkwato da Katsina da Maiduguri da Yola da Ilori da Ikko da Abuja da wasunsu, kuma da wuya Sa'udiyya ta aika da ma'aikata ko'ina a lokaci guda. Pakistan ta fara ne da Islamabad kaɗai, sai a 2024 aka ƙara Karaci. In Nijeriya ta bi wannan hanya, tilas a zaɓi fili ɗaya a fara da shi, kuma tsakanin Kano mai tsohon tarihin jigilar alhazai da Abuja mazaunin gwamnati, zaɓin ba zai zo da sauƙi ga gwamnonin jihohi ba.